Karatun halayyar iyali a matakin digiri na biyu: Hanyoyin da ke gaban ɗaliban Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

A ƙasar Hausa, idan zaman aure ya fara tangal-tangal, akwai ƙofofin da aka saba ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya. Ana farawa da waliyyai da dattawan dangi, a je wurin limami, a kai ga mai unguwa ko dagaci, wani lokaci a shiga ofishin Hisba, idan abin ya faskara sai kotun shari'ar Musulunci. Wannan tsari ya daɗe yana ɗinke ɓaraka, kuma yana da tushe a addini, domin aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a tashi mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata idan aka ji tsoron rabuwa.

Wanda ba kasafai ake samu a wannan jeri ba shi ne ƙwararren da aka horar domin ya gane lokacin da rikicin gida ya samo asali daga larurar ƙwaƙwalwa, ko shaye-shaye, ko wani rauni da mutum ya taso da shi tun yana yaro. Fannin da ke samar da irin wannan ƙwararre shi ne ilimin halayyar iyali, reshe ne na ilimin halayyar ɗan Adam. Ga ɗalibin da ya fito daga Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura, tambayar ita ce ta ina ake shiga wannan fanni, kuma wane aiki ne ke jiran wanda ya kammala shi.

Mene ne ilimin halayyar iyali?

Ginshiƙin fannin shi ne kallon iyali a matsayin jiki ɗaya, wanda idan gaɓa guda ta motsa sauran ma sai sun ji. Yaron da ya fara fitsarin kwance bayan ya daina, ko ɗalibar da makinta ya faɗi ƙasa cikin zango ɗaya, sau da yawa alama ce ta wani abu da ke faruwa tsakanin manyan gidan. Saboda haka masanin halayyar iyali ba ya tsayawa kan wanda aka kawo masa kaɗai. Yana duba wa ke yanke hukunci a gidan, wa ke haɗa kai da wa, me ake ɓoyewa, kuma wace ɗabi'a ce ke maimaita kanta daga kakanni zuwa jikoki.

An fara gina wannan fahimta sosai a Amurka daga shekarun 1950. Likita Murray Bowen ya yi bayanin yadda mutum biyu da ke cikin saɓani kan jawo na uku tsakaninsu, galibi yaro, domin su rage wa kansu zafi. Virginia Satir ta wallafa littafinta kan zama da iyali gaba ɗaya a ɗakin ba da shawara a 1964. Salvador Minuchin, ɗan asalin Ajantina, ya mayar da hankali kan tsarin iko da iyakoki a cikin gida, kuma littafinsa na 1974 yana cikin waɗanda ake koyarwa har yau. A 1984 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ware wa fannin sashe na kansa.

Najeriya ma tana da nata tarihin. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa karɓar magani da rana. Lambo ya ga cewa raba mara lafiya da danginsa na jinkirta samun sauƙi. Daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Wannan na nuna cewa sanya iyali a tsakiyar jinya abu ne da aka gwada a ƙasar nan tun kafin samun 'yancin kai.

Me ya sa yankin ke buƙatarsa?

Kazaure, Roni da Gwiwa, tare da 'Yankwashi, su ne ƙananan hukumomin da suka haɗa masarautar Kazaure, Babura kuwa tana ƙarƙashin masarautar Ringim. Yanki ne na manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, inda gidan gandu bai ɓace ba, kuma magidanta da samari da yawa kan tafi ci-rani bayan girbi. Tafiyar maigida ta watanni tana sauya tsarin gida: nauyin tarbiyya ya koma kan mata, hukunci ya koma hannun uwar miji ko wan miji, kuma dawowarsa kan zo da nata saɓanin.

Akwai kuma matsalolin da alƙaluma suka tabbatar. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna cewa kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabaci binciken, wato kimanin mutum miliyan 14.3. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 12 cikin ɗari. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai sinadarin kodin. Duk matashin da ke cikin wannan lissafi yana da iyaye, wasu suna da mata da 'ya'ya, kuma gidan da zai koma bayan an sallame shi daga asibiti shi ke yanke ko zai ɗore ko zai koma ruwa.

Haka nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fuskantar larurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa ciwon damuwa. Mai jego da ta daina cin abinci, take kuka ba dalili, take ƙin ɗaukar jaririnta, ana iya ɗaukar halinta a matsayin raini ko shafar aljanu, har a kai ga saki, alhali larura ce da ake magancewa.

Kazaure na da wani matsayi na musamman a nan, domin asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na jihar Jigawa a garin yake. Daga nan zuwa Kano kimanin kilomita 80 ne, inda ake da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ɗalibin yankin ba shi da nisa da wuraren samun horo a aikace.

Ƙofofi huɗu na shiga fannin

Abu na farko da ya kamata mai sha'awa ya sani shi ne, a jami'o'in da ke kusa, ba a saba samun digiri na biyu mai ɗauke da sunan ilimin halayyar iyali shi kaɗai ba. Ana isa gare shi ne ta wasu fannoni, sannan ɗalibi ya karkatar da kwasa-kwasan zaɓi da horonsa da kundin bincikensa zuwa sha'anin aure da iyali. Ƙofar da mutum ya bi ita ke fayyace aikin da zai iya yi daga baya, don haka zaɓin yana buƙatar natsuwa.

Ƙofa ta farko ita ce jagoranci da ba da shawara, wadda ke ƙarƙashin tsangayar ilimi. Ita ce mafi kusa kuma mafi yawan ɗalibai a Arewa. Jami'ar Bayero ta Kano na ba da digiri na biyu da na uku a wannan fanni, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da sashe guda na ilimin halayyar koyo da ba da shawara, haka ma Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato tana koyar da shi. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, na ba da digiri na biyu a fannin ga ma'aikacin da ba zai iya barin aikinsa ba. Wannan hanya ta fi dacewa da malaman makaranta da masu digiri a fannin ilimi. Tarihinta a Najeriya ya faro ne a 1959 a kwalejin St. Theresa da ke Ibadan, aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, CASSON, a 1976, sannan Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta amince da buƙatar masu ba da shawara a makarantu.

Ƙofa ta biyu ita ce ilimin halayyar ɗan Adam na asibiti. Wannan shi ne ke horar da mutum ya auna larurar ƙwaƙwalwa da gwaje-gwaje na ƙa'ida, ya kuma yi maganinta ta hanyar tattaunawa mai tsari. Galibi sai mai digiri na farko a ilimin halayyar ɗan Adam ake ɗauka. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ce ta buɗe sashen farko na wannan ilimi a ƙasar a 1964. Jami'o'in Ibadan da Legas da Jos na cikin waɗanda suka yi suna a fannin, kuma Jos ce mafi kusa da Jigawa a cikinsu.

Ƙofa ta uku ita ce aikin walwalar jama'a, wanda masu digiri a ilimin zamantakewa suka fi bi. Ma'aikacin walwala shi ke bin sawun yaron da aka yi watsi da shi, ya ziyarci gida, ya rubuta wa kotu rahoto, ya haɗa iyali da wurin da za su sami taimako.

Ƙofa ta huɗu ta ma'aikatan lafiya ce. Wanda ya yi karatun jinya, misali a kwalejin koyon aikin jinya da ke Babura ko ta Birnin Kudu, zai iya ƙara horo na musamman kan jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa. Likita kuma zai iya ƙwarewa a fannin ƙwaƙwalwa bayan shekarun horon ƙwarewa. A nan akwai bambancin da mutane kan rikita: likitan ƙwaƙwalwa ne ke rubuta magani, masanin halayya da mai ba da shawara ba su da wannan hurumi, aikinsu aunawa ne da tattaunawa da tura majinyaci wurin likita idan hali ya kai ga haka.

Sharuɗɗan shiga da tsawon karatu

Jami'o'in Najeriya sun yi tarayya a mafi yawan sharuɗɗan. Ana buƙatar digiri na farko da bai gaza daraja ta biyu mataki na ƙasa ba, da kiredit biyar a jarabawar kammala sakandare, da takardar kammala yi wa ƙasa hidima ko ta yafewa, da cikakken sakamakon karatu da tsohuwar makarantar ɗalibi za ta aika, da wasiƙun shaida daga malamai. Wasu sassan kan yi jarabawar tantancewa ko ganawa ta baki.

Wanda ya fita da daraja ta uku, ko mai babbar difloma ta ƙasa irin wadda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure ke bayarwa, ko wanda digirinsa na wani fanni ne dabam, yawanci sai ya fara da diflomar gaba da digiri ta shekara ɗaya kafin a ba shi gurbin digiri na biyu. Mai takardar NCE daga Kwalejin Ilimi ta Gumel kuwa sai ya fara kammala digiri na farko, kuma Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse suna cikin jiha.

A ƙa'ida digiri na biyu na ɗaukar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ko da yake rubutun kundi kan ja lokacin ya wuce haka. Digiri na uku ba ya gaza shekara uku. Akwai kuma bambanci tsakanin digiri na biyu na ilimi, mai kundin bincike, da na ƙwarewar aiki. Mai niyyar koyarwa a jami'a ko ci gaba zuwa digiri na uku ya kamata ya tabbatar na farkon ya nema, domin na biyun ba kullum yake ba da damar wucewa kai tsaye ba.

Game da kuɗi, malaman manyan makarantun gwamnati na iya samun tallafin asusun TETFund ta hannun makarantunsu. Ma'aikacin gwamnatin jiha ko na ƙaramar hukuma na iya neman hutun ƙaro karatu. Ga mai hangen ƙetare, akwai guraben Commonwealth da Chevening na Birtaniya, waɗanda ake nema duk shekara kuma gasarsu tana da zafi.

Abin da ake koya

Kwasa-kwasan sun haɗa da matakan girman ɗan Adam daga jariri zuwa tsufa, da ra'ayoyin masana kan ba da shawara, da shawarar aure da iyali, da larurorin ƙwaƙwalwa, da gwaje-gwajen auna halayya, da dabarun bincike da ƙididdiga, da ladubban aiki. Akwai kuma horon aikace, inda ɗalibi ke zama da mutane na gaske ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Wannan sashe shi ne ke bambanta wanda ya iya aikin da wanda ya haddace littafi, saboda haka yana da kyau mai neman gurbi ya tambayi sashen tun da wuri a ina ɗalibansu ke yin horon, kuma wa ke duba su.

Daga kayan aikin da ake koya akwai taswirar dangi, wadda ake zana aure da saki da mutuwa da saɓani na zuriya uku a takarda ɗaya domin a ga abin da ke maimaituwa. Akwai kuma ma'aunin Edinburgh, mai tambayoyi goma, wanda aka fitar a 1987 domin gano ciwon damuwa ga masu jego.

Inda littafin Turawa ya tsaya

Mafi yawan littattafan fannin an rubuta su ne da tunanin gida mai miji ɗaya, mata ɗaya da 'ya'yansu. Gidan Bahaushe ya fi haka faɗi. Akwai uwargida da amarya da rabon kwana, akwai facaloli a gida ɗaya, akwai agola da ɗan riƙo, akwai kunyar ɗan fari da ke hana uwa kiran sunansa ko nuna masa so a fili, abin da baƙon masani zai iya fassarawa da rashin ƙauna. Yaji da biko ma hanya ce da al'ada ta tanada domin mace ta nuna ƙorafinta, dangi su shiga tsakani.

Haka kuma dole ƙwararren da zai yi aiki a Roni ko Gwiwa ya san hukuncin Malikiyya kan saki da idda da khul'i da ciyarwa da riƙon 'ya'ya. A mazhabar, uwa ce ke da haƙƙin riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare a gidan miji, matuƙar babu abin da ya kawar da wannan haƙƙi. Amma a aikace sau da yawa uba kan karɓe yara da zarar an yaye su. Tazarar da ke tsakanin hukunci da al'ada a wannan batu tana shafar dubban yara, kuma fili ne na bincike.

Akwai ayyukan da ɗalibi zai jingina da su. Littafin Mary Smith na 1954 kan rayuwar Baba ta Karo ya adana bayanin aure da zumunci daga bakin mace Bahaushiya. Enid Schildkrout ta yi nazarin rayuwar yara da tallarsu a birnin Kano a shekarun 1970, Barbara Cooper kuma ta wallafa nazarinta kan aure a Maraɗi a 1997. Waɗannan ayyukan masana al'ada da tarihi ne. Nazarin halayya da ɗan yankin zai yi da harshen mutanensa, kan tasirin ci-rani ga zaman aure, ko halin 'ya'yan da aka raba da iyayensu mata, ko rayuwar auren zawarawa irin wanda gwamnatin Kano ta fara ɗaukar nauyi ta hannun Hisba a 2012, zai cike gurbin da littafin waje ba zai cike ba.

Ayyukan da ke jiran mai digirin

A makarantu, mai digirin jagoranci da ba da shawara na iya riƙe ofishin ba da shawara a sakandare ko babbar makaranta. Matsalar da aka sani ita ce a makarantu da yawa akan ɗora masa darussan aji har aikin nasa ya koma suna kawai. A asibiti, masanin halayya na aiki tare da likitoci da ma'aikatan jinya, musamman wajen shirya iyali kafin a sallami majinyaci. Hukumar NDLEA na da sashen ba da shawara da gyaran hali, hukumar gidajen gyaran hali ma tana ɗaukar masana halayya da ma'aikatan walwala.

A matakin jiha akwai ma'aikatar harkokin mata da walwalar jama'a da sassan walwala na ƙananan hukumomi. Jigawa ta sanya hannu kan dokar hana cin zarafin jama'a da dokar kare yara a 2021, kuma aiwatar da irin waɗannan dokoki na buƙatar mutanen da suka iya tattaunawa da yaron da aka ci zarafinsa ba tare da an ƙara masa rauni ba. Ƙungiyoyin agaji na cikin gida da na ƙetare da ke aiki a Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma kan nemi ma'aikatan tallafin ƙwaƙwalwa da kare yara, kuma jin Hausa babban jari ne a wurinsu.

A koyarwa, mai digiri na biyu kan fara da muƙamin mataimakin malami a jami'a, mai digiri na uku kuma ya fara da malami mai daraja ta biyu. A tsarin aikin gwamnatin tarayya, mai digiri na farko kan shiga a mataki na 8, mai na biyu a mataki na 9.

Buɗe ofishi mai zaman kansa abu ne mai yiwuwa, sai dai a garuruwa irin su Babura da Gwiwa mutane ba su saba biyan kuɗi domin shawara ba, kuma kai sirrin gida wurin bare abu ne mai nauyi. Hanyar da ta fi dacewa da yanayin ita ce aiki kafaɗa da kafaɗa da limamai da hakimai da jami'an Hisba da alƙalai, ta yadda za su riƙa turo shari'o'in da suka ga akwai larura a ƙarƙashinsu.

Doka da amanar aiki

Shekarun baya-bayan nan sun kawo sauyi a dokokin fannin. A 2022 aka sanya hannu kan dokar kafa majalisar kula da masu aikin ba da shawara ta Najeriya, da kuma dokar kafa majalisar aikin walwalar jama'a. A watan Janairun 2023 aka sanar da sanya hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin masu larura. Ma'anar wannan ita ce aikin yana komawa sana'a mai rajista da ƙa'ida, kuma kwas na mako biyu ko yawan mabiya a Facebook ba sa mayar da mutum ƙwararre.

Wanda ke tunanin yin aiki a ƙetare ya san cewa takardar digiri kaɗai ba ta isa ba. A Amurka kowace jiha ce ke ba da lasisin mai shawarar aure da iyali, kuma jihar Kalifoniya na buƙatar awa 3,000 na aiki ƙarƙashin kulawa kafin a ba da shi. A Birtaniya horon ya kan ɗauki shekara huɗu, kuma galibi waɗanda suka riga suka ƙware a wata sana'ar lafiya ko walwala ake ɗauka.

Babban sharaɗin aikin, a ko'ina, shi ne riƙe sirri. A ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, kalma ɗaya da ta fita daga ofis ta isa ta rushe aure ta kuma rufe ofishin. Iyakar sirrin ita ce inda rai ke cikin haɗari ko ake cin zarafin yaro, a nan wajibi ne a sanar da hukuma. Ladubban aikin sun kuma hana ƙwararre karɓar shari'ar danginsa ko abokansa na kusa, abin da ke nufin cewa ɗan Kazaure da ya dawo gida da wannan ilimi zai buƙaci abokan aiki a Kano ko Dutse da zai riƙa tura wa irin waɗannan mutane, su ma su turo masa nasu.